Sumbar da Ta Tona Kan Ustaz Rifa'at

Ranar Juma'a bayan la'asar, a shagon shayin da ke bakin lungunmu a Tanta ta ƙasar Masar, wani saurayi ya sumbaci kan Ustaz Rifa'at, ya ɗago da leɓe baƙi wuluk kamar wanda ya lashi gindin tukunya. A tsakiyar kan Ustaz kuwa, ga shatin baki nan fari tas, yana ƙyalli.

Kafin ku yi dariya, ku san wanda aka taɓa. Ustaz Rifa'at babban masani ne. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a ofishin wani asibiti, saboda haka duk likitan da ya gifta ta gaban teburinsa ya zubar masa da ɗan ilimi. Ministan Suma muke kiransa, a bayan idonsa. Silin gashi tara gare shi na gaskiya. Kullum sai ya jawo su daga kunnen hagu ya kwantar a na dama, sauran filin kuma ya barbaɗe shi da wani baƙin gari da yake zuwa har Alƙahira ya sayo don kada a sani. Ni Subhi, ko Usta Subhi yadda ake kiran mai sana'a a nan, ni ne mai gugar unguwa. Shekara goma ina ganin wuyan rigunansa baƙi ƙirin, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, in ban da mutum arba'in ko hamsin.

"Sanƙo jini ne," in ji shi kullum, yatsa a sama. "Daga uba yake gangarowa kan ɗa, kamar gona. Mu zuriyarmu, da sumarmu ake binne mu."

To, 'yarsa Nirmin, wadda ke haɗa magani a kantin da ke kallon shagon shayin, sai ta ce Hazim take so. Malamin lissafi ne, mai kunya, amma kansa kamar ƙwan da aka ɓare. Ranar da ya zo da iyayensa neman aure, Ustaz ya ƙare wa kan kallo ya ce shi ba zai zuba jikokinsa a kan wannan faranti ba. Hazim ya fusata, ko da yake bai fasa kiransa Ammu ba, wato baffa.

"Ammu, 'yarka na zo nema, ba aikin wanzanci ba."

Wata biyu ba gaisuwa. Nirmin ta rame. Dattawan lungu suka ce a yi sulhu yadda aka saba, ƙarami ya sumbaci kan babba a gaban jama'a, magana ta mutu. Ustaz ya so ya ƙi, amma wa ke ƙin a sumbaci kansa? Ga zafin Agusta, ga gumi. Hazim kuma, da yake yaron kirki ne, ya yi sumbar da gaske.

Ustaz ya shafa kai, ya dubi tafinsa.

"Magani ne," ya ce. "Na ciwon kai."

"Allah ya sawwaƙe, Ustaz," na ce. "Shekara goma kan nan yana ciwo, rigunanka shaida ne."

Sai ga Nirmin ta tsallako titi da farar rigar aikinta, riƙe da jiƙaƙƙen tawul.

"Baba, goge," ta ce a hankali. "Kuma tunda kana son ilimi, bari in ƙara maka. Ba ta uba kaɗai sanƙo ke bi ba. Kaso mai tsoka ta uwa yake biyowa, ita kuma tana iya ɗauko shi daga mahaifinta. Daga nan sai sinadarin maza ya dinga tsuke tushen gashi har ya daina fitowa. Ko mai gashin zaki na aura, ɗana zai iya zuwa da kanka."

Ustaz ya goge. Sumar zuriya ta tafi a jikin tawul. Ga shi ga Hazim kafaɗa da kafaɗa, kamar fitilun motar haya. Na ɗauka zai suma, sai na ga ya gyara zama.

"Sinadarin me kika ce?"

"Na maza, Baba."

Ya buɗe ƙirji, ya dubi kan Hazim da wani sabon mutunci.

"Dama na daɗe da sanin haka," ya ce. "Gwada ku nake yi. Ɗana, ka turo mahaifinka ranar Alhamis a karanta Fatiha."

Ni dai bakina ba ya jin magana. Na tura yatsu cikin sumata, wadda ko tsinke ba ya ratsa ta.

"Ustaz, ko in ara maka kaɗan na ranar biki? Nawa ya yi mini yawa."

Ya kurɓi shayinsa, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Riƙe abinka, Usta Subhi. Ka dai ji abin da ke cinye gashi. Kai da ko sili ɗaya bai taɓa faɗo maka ba, ga kantin Nirmin can, tsallaka a duba ka."