Yadda Barau Ya Yi Lodin Ilektiron

Duk garinmu ba wanda bai san bakin Barau ba. Shekara goma sha biyu ya yi a birni, ya dawo da tabarau da biro uku a aljihun gaba, yana cewa a jami'a ya yi aiki. To, ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. A bakin ƙofar jami'ar yake, ɗan kamasho ne a tasha, shi ke yi wa motocin ɗalibai lodi. A nan ya tsinci haddar da suke yi in jarrabawa ta matso.

Da an zauna a majalisa sai ya gyara tabarau ya saki: "Wan-es-tu, tu-es-tu, tu-fi-sikis." Ya ce ai yadda ilektiron ke zama a cikin atam, wato ƙwayar zarra, ke nan, kuma duk ƙasar nan su uku suka san abin, biyun ma sun rasu. Ni kam haushinsa nake ji, amma ba ni da abin da zan kayar da shi.

Ana nan makarantar sakandaren da mutanen gari suka gina ta rasa malamin kemistiri. An ce har babur za a ba wanda aka ɗauka. Barau ya ƙwallafa rai. Ya lissafa 'yan kwamiti, manoma huɗu da mahauci ɗaya, ya ce cikinsu wa zai ƙure shi? Tun kafin a kira shi ya tafi ya sayo hular kwano.

Ranar gwaji ya shiga aji yana taku ɗai-ɗai, rabin gari na leƙe ta taga. Abin da bai sani ba, shugaban kwamiti Alhaji Mati ya gayyato ƙanwarsa Malama Hansatu, wadda ta yi shekara ashirin tana koyar da wannan darasin a Katsina.

Barau ya karanto haddarsa rututu. Mahauci har da tafi.

Malama Hansatu ta miƙe. Ta zana akwati shida a allo, ta miƙa masa alli.

"Malam, waɗannan obital ne, mazaunin ilektiron. Sodiyam yana da goma sha ɗaya. Zaunar min da su, kowanne kibiya ɗaya."

Barau ya karɓi allin. Bai taɓa ganin abin a rubuce ba. Amma da ya ƙura wa allon ido, ga kujeru ga masu jiran zama, sai hankalinsa ya kwanta. Ashe wannan ne ake ta kuri da shi? Ai aikinsa ne.

Ya sa biyu a akwatin farko. Malama ta gyaɗa kai, domin daidai ne.

"Gidan gaba mutum biyu," in ji shi, yana duban taga.

Ya koma na biyu, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ƙyas, ya danna huɗu. Na uku ma huɗu, har yana murza alli gefe don su samu shiga.

"Malam, kowane akwati biyu yake ɗauka. Ɗaya na kallon sama, ɗaya ƙasa."

"Haba Malama, biyu a baya? Wa zai biya kuɗin mai? Su matsa, kowa haƙuri yake yi."

"To waɗancan ukun da ka bari wayam fa?"

"Layinsu bai zo ba."

Aka fara ƙyaƙyatawa a taga. Alhaji Mati ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, don shi ya fi kowa tallan Barau a gari.

Malama ta ƙirga da yatsa. "Goma ke nan. Saura ɗaya."

Barau ya dubi akwatunan. Ba a tada mota don mutum ɗaya, kuma ba a barin fasinja a ƙasa. Ya yi tsaye ƙiƙam, can ya zana kibiya a karkace a wajen akwati, tana lilo a gefe.

"Wannan kuma mene ne?"

"Kwandasta ne."

Mahauci ya faɗo daga benci, tim. Na taga suka riƙe ciki, wata tsohuwa har da hawaye. Alhaji Mati ya tashi ya zare allin daga hannun Barau a hankali.

"Barau, je ka gida. 'Ya'yanmu muke so su ci jarrabawa, ba su isa Funtuwa ba."