Akun da Na Ba Tabawa Riƙo

Ko zan manta sunayen jikokina (kuma na fara), ba zan taɓa manta ranar da tsuntsu ya tsige ni a gaban matan Gumel ba.

A lokacin Bature bai tafi ba, gyaɗa ke mulki, ni kuwa zabiya ce. Ba ƙaramar zabiya ba. Daga Gagarawa har Maigatari, bikin da ban buɗe baki a cikinsa ba, taron cin tuwo ne kawai. Abin da na rera da hantsi, kafin la'asar ya zaga gari.

Ina da aku, wani falke mai goro ya kawo mini daga Kurmi. Da kaka ta yi aka gayyace ni bukukuwa a Damagaram, sai na kai shi Ɗanzomo wurin Tabawa, 'yar gwaggona, bazawara mai sayar da daddawa. Na dire kejin na ce, "Ki riƙe shi." Iyakar maganata ke nan, na hau jaki.

Tafiyar da na ce gajeriya ce sai da ta haɗiye damina (mutanen Damagaram akwai kyauta, ba zan yi ƙarya ba). Da na dawo na je karɓa, Tabawa ta ce a'a. Wai riƙo na ba ta, ba ajiya ba. Tukunya ake ba ajiya, mai rai riƙonsa ake yi, kuma a ƙasar nan ba a fizge ɗan riƙo don kawai uwarsa ta tuna da shi. Ita ta yi jinyarsa da gashinsa ya zube, ita ta tauna masa gyaɗa. Ta ƙara da cewa zamansa a ɗakinta ni ya fi yi wa amfani. Wannan ban tsaya na saurara ba.

Mai hankali wurin dattawan gida take kai ƙara. Ni masu kiɗan ƙwarya na kai wa tawa.

"Mai daddawa ta Ɗanzomo,
a ba ki ajiya ki ce gado."

Ban kama suna ba, amma masu daddawa nawa ne a Ɗanzomo? Waƙa ta kama. Mata suka daina saye, wai wadda ta ci amanar tsuntsu, wa ya san abin da take zubawa cikin kalwa. Ranar kasuwar Maigatari Tabawa ta dawo da kayanta a ka yadda ta tafi da su, ga marayu a gida suna jiran hatsi. Da labari ya iso ni (Allah Ya yafe mini) sai na ƙara baiti.

To, ana nan ana nan, Inna Kande, matar wani mai awon gyaɗa, ta tashi aurar da autarta. Ni na yi mata waƙa a bikin babbar, ni aka sake kira. Tsakar gida ta cika. Ina cikin wasa ta, ina cewa tuwonta ya ciyar da Gumel har ya yi saura, sai ga Tabawa da keji lulluɓe da zane. Ta dire a gabana, ta ce a hankali, "Taubashiya, ga kayanki. Amma ki kai shi gida a rufe."

Ina! Na ɗaga hannu aka tsai da kiɗa. Na ce yau kowa zai shaida mai tsuntsu, don da muryar uwargijiyarsa zai yi magana. Na yaye zanen.

Aku ya karkata kai, ya dube ni da ido ɗaya, ya yi gyaran murya irin tawa.

"Kande marowaciya. Miya ba gishiri. Tuwo kamar tubali."

Har da tsakin da nake rufewa da shi. Abin da na yi ta faɗa ke nan a ɗakina bayan bikin babbar, ina kwance ɗankwali, ina zaton ni kaɗai ce.

Inna Kande ta ajiye goron da ta ɗebo mini, ta ce, "Zabiya, muryar taki ce kam. Mun shaida."

Tabawa ta gyara mayafi ta ce, "Wannan farko ne. Yana da na matar liman ma."

Matar liman na zaune a kan tabarma, ta fara matsowa. Na faɗa kan kejin nan da zane kamar mai kashe gobara, na tura shi gaban Tabawa, ina cewa, "Yaya, riƙo ne. Wallahi riƙo ne."

Daga baya na yi waƙar wanke Tabawa, na rera ta a duk bikin da aka ƙara kirana (ba su da yawa). Ba wanda ya ɗauka, don wanke suna ba shi da daɗin amshi. Sai da ta koma cin kasuwar Sule Tankarkar kafin daddawarta ta sake tafiya.

Saboda haka, wanda Allah Ya ba murya mai nisa, ya yi rigimarsa a ɗaki, da raɗa. In kuwa dole sai ya kira shaida a gaban jama'a, to kada ya kira wanda ya taɓa kwana a ɗakinsa.