Bikon Farfesan Mata

Idan ana maganar sanin mata, daga Batsari har Safana babu na biyun Malam Barau. Allah Ya yi wa yankin nan baiwa, sai dai yankin bai san ya samu ba. Tun da ya halarci wata 'yar bita a Katsina ya dawo da jaka mai tambari da bakin da ba ya rufuwa, 'yan teburin mai shayi suka naɗa shi Farfesan Mata. Shi kuwa ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

"Ku saurara, jama'a," in ji shi kullum, yana kaɗa cokali. "Girkawa suna ce wa mace gune. Daga nan Bature ya ciro gainakoloji, ilimin lafiyar mata. Ya ciro folijini, tara mata. Ya ciro misojini, ƙin mata, ciwon da ke damun ku duka. Wanda bai san tushen nan ba, ko ya tsufa da aure, kallon kitse yake wa rogo."

A gida akwai Saude, amaryarsa ta bara, 'yar garin Zakka, mai kunya irin ta da. Da ta fara nauyi tana yawan kwanciya, Farfesa ya dube ta da idon ilimi ya yanke hukunci: ƙiba ce, haka macen da ta auri wayayye take. Yayarsa Halima ta zo za ta yi masa wata magana, ya tari numfashinta. "Yaya, ke mace ce kawai. Ni kuwa na karanci mace." Ta ɗauki mayafinta ta bar shi da karatunsa.

Wata rana ya dawo daga wayar da kan mutanen Wagini ya tarar da ɗaki wayam. Maƙwabta suka ce Saude tana Zakka. Yaji! In labari ya kai teburin shayi, rawani ya faɗi. Ya yi ta ɓoye zancen yana jiran ta gane kuskurenta, shiru. Dole ya tafi biko.

Kowa ya san biko da dattijo ake zuwa, da goro, da sunkuyar da kai. Wannan na jahilai ne. Farfesa ya hau babur daga shi sai jaka.

A ƙofar gidan surukai ya iske maza cike da tabarmi, mata na ta shiga da ƙore. Lallai suna ya yi nisa, har an taru tarbarsa! Aka yi ta ce masa barka da arziki, yana amsawa da ɗaga hannu. Ya gai da surukinsa a tsaye, takalmi a ƙafa. Bawan Allah ya kawar da kai don kunya.

"Iyayena," in ji Farfesa, "na zo ne ba don na yi laifi ba. Ni da na san gainakoloji, babu abin da ke jikin mace ko ranta da zai ɓuya mini. Saude ba ta da wani dalili. Amma da yake ni ba mai misojini ba ne, na yafe mata. Ta fito mu tafi."

Sai Tsoho Mati, kakan Saude, wanda ke da lasisin tsokanar mijin jikarsa, ya gyara zama.

"Kai ɓarawon matata, wa ya ce maka yaji ta yi? Goyon ciki aka kawo ta, yayarka ce ma ta rako ta. Jiya ta sauka lafiya, an samu mace."

Farfesa ya buɗe baki. Duk Girkancin duniya ya ƙi zuwa.

"Zauna, angon ƙarni," in ji tsohon. "Suna ranar Laraba. In za ka sayo rago, ka tafi da wani ya duba maka, kada ka kawo mana tunkiya."