Ranar da Na Tashi da Teburin Dattawa

Ba zan taɓa mantawa da walimar sunan nan ta garin Bowie ba. Ko na so in manta ma, matata Hadiza ta ɗauki nauyin tuna min duk ranar da na ɗaga murya a gida.

Shekara goma sha huɗu ina zaune a garin Gaithersburg na Amurka, kuma a duk taron Hausawan yankin nan ni ne "Injiniya". Ba karatun na yi ba (a kantin magani nake aiki), amma a but ɗin motata akwai akwatin kayan gyara da in za a gina gada sai a zo aro wurina. Kujera ta karye, lasifika ta shaƙe, murhu ya ƙi kamawa, sai ka ji, "A kira Injiniya!" Sai in miƙe a hankali, in aza hannun babbar riga a kafaɗa, in taka kamar likitan tiyata. Ita ce kaɗai sarautar da nake da ita a Amurka, kuma ina ji da abata.

Kwatsam Allah ya kawo mana Yusuf Bature. Mutumin Sikotlan ne, ya musulunta, ya auri ƙanwar Dakta Sani, likitan da muke taruwa a gidansa. Ga kirki, ga fara'a, ga Hausa a bakinsa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ranar Babbar Sallah ya zo cikin kayan gargajiyarsu, wani siket mai gidan dara wanda ni a zuciyata na raɗa wa suna fatari. A gefen fatarin an maƙala wani fil na ƙarfe mai siffar takobi.

Liman yana tsakiyar addu'a makirfo ya ɗauke. "A kira Injiniya!" Na nufi mota, wadda na ajiye can ƙarshen layi. Kafin in dawo ina haki da akwati, Yusuf ya zare fil ɗin nan, ya kwance murfin batir da tsininsa (ashe sukundireba ne), ya gyara, ya juya gindin fil ɗin ya buɗe wa Liman kwalbar lemo. Har tafi aka yi, ina tsaye a ƙofa kamar mai tallar ƙarafa.

"Ma sha Allah, Malam Yusuf," in ji Liman, "ashe da gareji kake yawo a jikinka!"

Na daure na matsa kusa da shi da murmushin da bai wuce haƙori ba, na ce in ga abin. Ya ce, "Yaya, asalinsa nauyi ne kawai, don kada iska ta ɗaga tufa. A ƙyallen sama kaɗai ake sa shi, ba a haɗa biyu." Ban saurara ba, ina can ina auna tsawonsa da ido.

A hanyar gida Hadiza ta ƙarasa ni. "Baban Walida, ka ga dabara? Abu ɗan mitsitsi. Kai kuwa kullum kamar mai ƙaura."

Kwana uku nama bai yi min daɗi ba. A na huɗu na shiga intanet na yi odar wanda ya fi kowanne girma: sukundireba biyu, mabuɗin kwalba, sufana, har da ɗan zarto. Da ya iso na ɗaga, na rantse ya kai nauyin taɓarya.

Ba a jima ba matar Dakta ta haihu, aka sa walima a gidansa da ke Bowie. Na sa sabuwar shaddata, na kafa fil ɗin a gaban riga daidai cinya, na riga kowa zuwa wai zan taimaka da jera kujeru. A nan ne na aikata abin da har yau nake istigfari a kansa. Na faki ido na sassauta notin sandar makirfo, yadda da an taɓa shi zai sunkuya, a kira ni, in zare makamina a gaban Yusuf da fatarinsa.

Aka zaunar da ni teburin dattawa, kusa da Alhaji Mamman, wani dattijon ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, cikin farar riga fes. Duk wanda ya kalli kwalba sai in zare fil in buɗe masa, har waɗanda likita ya hana shan zaƙi. A karo na ƙarshe na mayar da shi ta ƙarƙashin tebur ban duba ba, don idona na kan Liman da ya nufi makirfo. Na ji ya ɗan yi tauri wajen shiga, na danna da ƙarfi ya rufe.

Liman ya ce "Bismillahi", makirfo ya yi ruku'u. "A kira Injiniya!" Na hango Yusuf yana kai hannu gefen fatari. Ai ban san lokacin da na zabura ba.

Ashe na ɗinke rigata da shimfiɗar tebur. Na tashi, tebur ya biyo ni. Masa ta yi sama, jug ɗin zoɓo ya yi tsalle, kwanon miyar taushe kuwa ya zarce kai tsaye cinyar Alhaji Mamman kamar an aike shi. Wani murfin tukunya kuma ya yi ta juyi a ƙasa kamar ba zai tsaya ba.

Alhaji Mamman ya dubi rigarsa, ya dube ni. "Injiniya, mu ma gyara mu za ka yi?"

Na kama fil in ɓalle, ya cije. Na ja, shaddar ta ce ƙiii. Yusuf ne ya zo ya durƙusa a gabana, ya zare nasa ɗan ƙaramin, ya ɓanɓare nawa. A hankali ya ce, "Yaya, ai na faɗa maka, ba a haɗa biyu."

Can na ji Dakta Sani yana murɗa notin da yatsa biyu yana cewa, "Ikon Allah, da kaina fa na ɗaure shi da safe." Daga ɓangaren mata Hadiza ta jefo min wani kallo. Shekara ashirin muna tare, ta san wanda ya riga kowa zuwa.

Sarauta dai ta tafi. Yanzu in abu ya lalace Yusuf ake kira. Ni kuwa in na motsa a kujera sai Alhaji Mamman ya ɗaga murya, "Jama'a, a riƙe kwanuka, Injiniya zai tashi!" Fil ɗin yana kicin, Hadiza na buɗe gwangwanin tumatir da shi.

Abin da na koya shi ne, in ka ga namiji ya shigo taro da fatari kuma bai ji kunya ba, ka ƙyale shi. Ya san abin da ya taka.