Bidon Furar da Ya Koya Mini Fizik

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ansipekta, wato mai duba aikin malamai, ya zo daga Damagaram don ya ga yadda nake koyarwa ba. Shekarata ta farko ke nan ina koyar da kimiyyar fizik a wata lise, wato makarantar sakandare, a Gure, kuma rahotonsa ne zai sa a bar ni a aikin ko a ce in kama gabana. Ni kuwa maimakon tsoro, zumuɗi ne ya cika ni. Na rantse sai na burge mutumin nan.

Darasin ranar a kan rufaffen tsari ne, wato abin da aka toshe, kayan waje ba sa shiga, na ciki ba sa fita. Na ce misalan littafin Faransawa sun ishe mu, yau na gida za mu yi. Na ɗauko bido, wato 'yar jarkar roba, cike da furar da matata ta dama mini da safe da nonon garin Alakos, na ɗaure murfin tam, na ajiye a bakin taga. (A bakin taga fa, cikin bazara, tun ƙarfe bakwai. Wai ni malamin fizik.)

Sai sha ɗaya da rabi ansipekta ya shigo, dattijo cikin farar babbar riga da ta sha guga, ya zauna a bencin gaba. Na ɗaga bido sama, murya har aji na kusa. Na ce tunda a rufe yake, halin da yake ciki da safe shi ne halinsa yanzu: zafinsa, girmansa, matsin iskar cikinsa, babu abin da ya motsa.

Wata ɗaliba, Falmata, ta ɗaga hannu, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. "Mushe, bidon ya kumbura fa. Murfi yana hana fura fita, amma ai ba ya hana zafin rana shiga."

Gaskiya ta faɗa, abin da ke cikin littafin ke nan ma. Amma kaina ya riga ya yi girma. Na ce idonta ne ya kumbura, aji ya kwashe da dariya, na ƙara jin daɗi. Na jijjiga bido sosai, na taka har gaban ansipekta don ya shaida da idonsa, na murɗe murfin.

Fuuuu! Nono ya tsima, ya tara iska, sai da fura ta taɓo kwanon rufi. Sauran ta sauka a hularsa, da gemunsa, da farar rigar nan. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon ya cire tabarau, ya goge a hankali, ya juya ga yara ya tambaye su me da me ya canza a cikin bidon. Da baki ɗaya suka jero masa: zafi, matsi, girma. Har waɗanda ba su taɓa buɗe baki a ajina ba.

A rahotonsa ya rubuta cewa ɗalibai sun fahimci darasi sarai, saura malamin. Aka bar ni a aikin, amma har yau Mushe Bido ake kirana, har masu nama a kasuwa.

Tun ranar, in ɗalibi ya ce mini abu ya kumbura, nakan tsaya in duba. In kuwa dole sai na buɗe, bakin nakan juya wajen taga.