Guɗar da Aka Yi Mini a Ngong

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar mijina a Ngong ba, ranar da na yi ciki na awa biyu.

Shekarata shida da aure a lokacin, shiru. Al'adata sai ta zo wannan watan, ta ɓace wata uku. Da na gaji na je asibiti a nan Garwa. Aka ɗebi jini, aka auna sukari da sauran gwaje-gwajen da suke kira analiz, komai ya fito lafiya lau. Sai a hoton ciki da ake kira eko likitar ta nuna mini wasu 'yan ƙulle-ƙulle jere a ma'ajiyar ƙwai, ta rubuta magani.

Na ce, "Dokta, tunda analiz duk normal ne, maganin me kuma?"

Ta ce, "Madam, jini yakan fito lafiya alhali ƙwai ba ya fita a kan lokaci. Maganin masu ciwon sukari ne, amma yana taimaka wa irinku. Da farko zai tayar miki da zuciya."

Mijina kaɗai na gaya wa.

Ranar bikin na haɗiyi ƙwayar, muka kama hanya. Muna shiga gidan ƙamshin suyar kifi ya buge ni, na ruga bayan madafa na yi ta kwara amai. Ina ɗagowa na ga Inna, surukata, tsaye da buta. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙuguna (ciwon nan ya sa ni ƙiba, har zanen ankon ya matse ni), ta rage murya.

"'Yar nan, wata nawa?"

Na ce, "Uku ke nan ban gani ba."

Wallahi gaskiya na faɗa. Sai dai na san abin da take tambaya, na kuma san ba shi na amsa ba. Inna ta saki buta ta rangaɗa guɗa.

Da na faɗi kalma ɗaya da ta gyara komai, amma na kasa. Aka shimfiɗa mini darduma a inuwa, aka hana ni ko ɗaga cokali. Wannan ta kawo lemon tsami, waccan ta ce ai tun daga ƙofa ta gane. Inna ta zauna kusa da ni tana yi mini fifita tana share hawaye. Shekara shida matar nan ba ta taɓa yi mini gori ba, sai ranar na san irin abin da take haɗiyewa. Ni kuwa, don rashin kunya, har na ɗora hannu a kan mara. Daɗi nake ji.

Na buɗe jaka zan ɗauko hankici, kwalin maganin ya faɗo gaban Goggo Adama, yayar Inna, wadda ta shekara goma da ciwon sukari. Ba ta karatu, amma ta san kwalinta.

"Af, irin nawa! Ke ma sukarin ne? Ai ni da na fara shi, sati biyu ina amai."

Fifitar Inna ta tsaya. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, babu komai. Magani ne."

Inna ta dubi kwalin, ta dube ni. Can ta ce, "Allah ya ba ki lafiya," ta ci gaba da fifitar, a hankali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mijina. Labari ya riga ya kai wajen maza, sai ga shi ya leƙo yana washe baki, shi da ya sayo maganin da hannunsa. Ya ga fuskokinmu, ya juya.

Har yau ina shan maganin. Al'ada ta daidaita, sauran muna jira. Amma na yi hankali: yanzu ko atishawa na yi a cikin taro, tun kafin a tambaye ni nake cewa, "Mura ce, jama'a."