Jan Farcen da Na Kai Kebbe

Ba zan taɓa mantawa da bikin Hauwa'u a Kebbe ba, ko da na so. Ɗiyar gwaggona ce, kuma yayanta Bello ya taɓa duba littafina ya ce, "Rubutunki na da kyau." Shekara biyu ina rainon wannan magana. Na ƙudurta a bikin nan sai ya dubi hannun da ke rubutun.

Matsalar ita ce ina cizon farce. Sai na sayo garin akirilik, wanda ake yin farcen roba da shi, daga Sakkwato, ja wur kamar soɓorodo, mai kaurin launin da ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa. A waya na koya: ki tsoma burushi a ruwan maganin, ki dangwalo garin, ki shimfiɗa kafin ya daskare. Hannun hagu ya fito kamar na amarya. Na dama kuwa, da yake hagu ce ta yi aikin, kowane farce da tozonsa. (Na ce wa kaina ai da hagu zan riƙe mayafi.)

Tun daga Tambuwal, a bayan babur, nake kallon yatsuna ina tsara yadda Bello zai saki baki idan ya gani.

Da aka kira azahar, mata suka jeru da butoci. Nan na tuna ruwan alwala ba ya ratsa abin nan. Na tsaya da buta a hannu kamar an dasa ni. Gwaggo, wadda muryarta ke kai wa har zaure, ta kamo yatsuna ta ɗaga.

"Ke ɗiyata, mi na ga haka?" Ta juya ga mata. "Ku karɓe butar, hutun salla takai. Ga shi ta rubuta muna ga hannu!"

Dariya ta ɓarke. A bakin ƙofa Yaya Bello ne tsaye da tabarmi a kafaɗa. Ya dubi hannuna, tabbas, sannan ya dubi ƙasa.

"Gwaggo, ina salla," na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

"To ki ciro farcen Allah, shi aka wankewa."

Bayan rumbu na koma da ruwan zafi, ina jiƙawa ina ɓamɓara, abin ko gezau. Can na ji takun mutum. Bello ya ajiye sabuwar reza a kan katanga, idonsa na kan bishiyar dogonyaro.

"Ki yi a hankali," ya ce. "Hannun rubutu ne."

Sai dab da la'asar na samu na yi azahar, yatsuna na zugi.

Yanzu yana koyarwa a can nesa, sai dai gaisuwa ta bakin Hauwa'u. Takardar rezar tana nan cikin littafina. Na koma lalle, na kuma gane cewa kafin ki aika wa mutum ɗaya saƙo a hannunki, ki tuna Gwaggo ce za ta fara karantawa, kuma da ƙarfi take karatu.